Goggona ta ƙi zuwa zaman matan da suka gudo daga yaƙi

Tambaya: Salamu alaikum likita. Goggona ta baro Bosso tun harin 2015, tana wurinmu nan Garin Malam. Har yau in moto ya yi ƙara da dare sai ta zabura ta hau salati, barci kuwa sai kusan asuba. An ce ta shiga wani zama da ake haɗa matan da suka gudo daga yaƙi, ta ce ita ba za ta je ta kwance wa kanta zani a kasuwa ba. In matsa mata?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba goggo lafiya. Kar ka matsa mata, kuma wallahi tsoron nata yana kan hanya, don da yawa sun ɗauka zaman nan kowa za a sa ya tashi ya zayyana yadda aka kashe nasa a gaban jama'a, alhali zaman da aka tsara da kyau ba haka yake ba. Hukumar lafiya ta duniya OMS ma ta hana a tara mutane zama guda a sa su amayar da abin da suka gani, wani miki in ka tone shi ba shiri ƙaruwa yake.

Tsarin da OMS ta fitar na rukuni, mai suna PM+ (wato koyon warware matsala), zama 5 ne, sati-sati, wajen awa 2, mutum bai wuce 12 ba, mata daban maza daban galibi. Abin da ake yi a ciki koyo ne. Za ka ga an shimfiɗa tabarma, mai jagora ta ce kowa ta ɗora hannu a ciki ta ja numfashi a hankali ta sake shi a hankali, ranar farko dariya ma suke yi suna cewa wannan kuma wane irin magani ne, sai a sati na uku wata ta ce jiya da zuciyata ta hau bugawa na gwada kuma ta lafa. Daga nan a ɗauki matsala guda, misali kuɗin haya ko yaron da ya bar lakwal, a warware ta daki-daki, sannan kowa ta zaɓi ƙaramin abin da ta daina yi tun gudowa, zuwa suna ne ko dakan ƙuli-ƙuli, ta koma masa. Wadda ba ta son magana ta yi shirunta. Ni a ganina rabin maganin shi ne goggo ta ji wata 'yar Mangari ta ce ni ma ƙarar moto na tayar da ni, don OMS ta ƙiyasta a 2019 cewa kusan mutum 1 cikin 5 a wuraren yaƙi na fama da irin wannan, amma kowa yana zaton shi kaɗai ne ko aljanu ne.

Kafin ta je ka tambayi masu shirya zaman wa ke jagora, an horar da ita? Suna ɗaukar alkawarin riƙe sirri? Akwai mai jin Barbarci? In a gaban makwabta za a yi, a bari. Ka nemi wata tsararta ta raka ta sau ɗaya ta gani da idonta.

Amma fa in tana maganar gara ta mutu, ko tana jin muryoyi, ko ta daina cin abinci, wannan ba na rukuni ba ne, ku kai ta babbar asibiti a ranar. Kuma don Allah kar a sayo mata diyazefam ko taramol wurin masu talla wai don barci, jiki ne zai saba firgicin kuma yana nan.