Amsa ga mai tambaya kan hayaƙin wiwi da gwajin fitsari

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ɗaki ɗaya kuke kwana da samari masu busa wiwi a Agege, kai ba ka sha, ga shi kamfani sun kira ka gwajin fitsari kafin su ba ka mota, kana tsoron ta fito. Toh na jima ina harkar direbobi a Apapa, yaranmu da yawa sun bi ta wannan layin.

In a waje ne, bakin gareji ko wurin mai shayi, hayaƙi ya bi iska ya wuce ka, kwantar da hankalinka, ba ya kai ma'aunin. Abin da suke nema a fitsari shi ne ragowar sinadarin THC, wato abin da ke sa maye a cikin wiwi, kuma yawancin katin gwajin nan sai ya kai nanogiram 50 a kowane mililita yake nunawa. Amma irin ɗakunanmu na Legas, taga ɗaya a toshe da kwali saboda sauro, ba wuta ba fanka, mutum uku suna ta zuƙa har idonka na yaji, wannan kam akwai magana. A jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun gwada, aka buga a 2015: masu sha shida da marasa sha shida a rufaffen ɗaki na awa ɗaya. Da ba iska, an samu wanda fitsarinsa ya haura 50 ɗin, da aka bar iska tana shiga kuwa ba wanda ya kai. Kuma na hayaƙi ba ya daɗewa a jiki, ba kamar mai sha kullum ba da ke iya kai makonni.

Ni abin da ya fi damuna ba hayaƙin ba ne, abin da ake zubawa a kofi ne. Skushi da monki tel, haɗe-haɗen abin sha da ake sayarwa a lungu, akwai ganyen wiwi a ciki, skushin ma kalarsa kamar zobo, yaro zai kurɓa bai sani ba, wallahi na ga wanda ya rasa aiki a kan haka yana rantsuwa bai taɓa kunna ta ba.

Don haka ka koma kwana wurin wani ɗan'uwa kwana biyu uku kafin ranar. Kada ka ɗirki ruwa jarka guda wai wanki, suna gane tsinkakken fitsari su ce a sake. In kana shan wani magani ka faɗa musu tun farko, kuma in katin ya nuna ka roƙi a tura lab a tabbatar. Ɗakin nan kuma ka fara neman wani, ko don huhunka, ga 'yan NDLEA in sun zo kame har mai barci suke kwashewa. Allah ya ba da sa'a.