Ga ƙanwata mai goyo da aka ce mata dajin nono ne

Assalamu alaikum ƙanwata. Sannu, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ce. Kin ce kina shayarwa, awo ya nuna daji ne, likita ya ce shimiyo (maganin kashe ƙwayoyin daji da ake sa wa ta jijiya) da aikin tiyata, surukarki kuma ta ce daji ba ya son ƙarfe, a fara na gida. Kina tambayar wanne za ki bi, kuma yaya za ki yi da yaron.

Ki bi likita, kuma kada ki jinkirta. Ni ma da goyo a bayana ciwon ya same ni, a nan Damagaram, kuma na sha jin wannan magana ta ƙarfe. Ga inda ta samo asali: yawancinmu sai ciwo ya ci jiki, ya fashe, ya kai huhu ko ƙashi, sannan ake kai mu asibiti. A yi aiki, mace ta rasu, sai a ce wuƙa ce ta kashe ta, alhali watannin da aka ɓata wajen shafe-shafe da tsaga ne suka cinye ta. Addu'a da rubutu ba su hana magani, ni ban bar su ba. Amma kada ki yarda a tsaga wurin, kuma duk jiƙon da aka ba ki ki faɗa wa likita kafin ki sha, don wasu suna wahalar da hanta, ita kuwa tana fama da shimiyo.

Yaye dole ne kafin a fara, saboda maganin yana shiga ruwan nono. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, ya fi zubewar gashi, wallahi. Yaro yana kuka yana jan riga, ke ma kina kuka. Yayata ce ta riƙa kwana da shi har ya saba da madara da kunu. Ki kwantar da hankalinki, nonon da ya sha a baya bai sa masa komai ba, daji ba a ɗaukarsa, ko ta kwano ko ta shimfiɗa.

Shimiyo galibi bayan kowane mako uku ake yi. Kwanakin farko amai da kasala, baki ba ɗanɗano, daga baya jiki ya ɗan dawo. Gashi zai zube, zai kuma fito. Abu ɗaya kada ki yi wasa da shi: in zazzaɓi ya kai 38 a ma'aunin zafin jiki, ki tafi asibiti ko da tsakar dare ne, kada ki ce masassarar sauro ce ki sha ƙwaya ki kwanta, don a lokacin jini ba shi da ƙarfin kare ki.

In an cire nono da kaluluwar hammata, ki kula da hannun wannan ɓangaren, yana iya kumbura. Ki yi motsin da aka koya miki, ki daina ɗaukar jarkar ruwa da shi. Gashin na'ura kuwa, wato haska wurin da na'ura don ƙona ƙwayoyin daji, a Yamai ake yi, a cibiyar yaƙi da daji ta ƙasa, wadda ta fara shi a 2021. Tafiya ce ta kusan kilomita 900 da zaman makonni, saboda haka tun yanzu ku nemi masauki da mai riƙe yara. Tun 2007 akwai dokar da ta ce kula da dajin mata kyauta ne, ki tambayi ofishin taimakon jama'a na asibiti abin da ta ƙunsa, amma ku tanadi kuɗin mota, awo da wasu magunguna.

In an ɗora ki kan tamoksifen, ƙwayar da ake sha don rage haɗarin dawowar ciwon, shekara 5 ake sha ko fiye, kuma ba a ɗaukar ciki a kansa. Ku yi wannan magana da maigida tun da wuri.

Surukarki kuwa kada ki yi jayayya da ita, tsoro ne yake sa ta faɗa. Ranar komawarki ku tafi da ita da maigidan, likita ya nuna musu takardar awon ya yi musu bayani da bakinsa. Tawa da haka ta sauko, har ita ke dama mini kunu ranar shimiyo.