An ce ina da ciwon hanta nau'in B, in ajiye maganin asibiti in sha na gargajiya?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Na je gwajin kafin aure aka ce ina ɗauke da ciwon hanta nau'in B, tun ranar ban ƙara barcin kirki ba. Wata huɗu kenan ina shan Tenofovir, sai wani mai magani ya ce in ajiye, yana da haɗin da zai wanke min hanta tas cikin wata uku. Dan Allah ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka ajiye Tenofovir ɗin nan, ko na kwana ɗaya, sai in likitanka ne ya ce. Shi da Entecavir su ne magungunan da aka fi dogara da su, ƙwaya ɗaya kullum, aikinsu danne ƙwayar cutar har a kasa ganinta a jini. Amma ba sa fitar da ita gaba ɗaya, don tana ɓoye kwafin kanta a cikin hanta, shi ya sa ake shan su shekara da shekaru, wasu ma har ƙarshen rayuwa.

Toh ga abin da ke cina rai kullum a asibiti. Mutum yana shan maganinsa lafiya lau, sai wani mai lasifika a bakin tasha ya ce masa ai na Bature danne cuta kawai yake, nasa kuwa wankewa yake, sai ya ajiye, ƙwayar ta taso da ƙarfinta, hanta ta kumbura, a kawo mana shi ido ya yi rawaya ciki ya cika da ruwa, a lokacin kuma mai lasifikar ya tafi wata kasuwar. Kuma wannan ruwan jarkar da ba a san me aka zuba a ciki ba, ita dai hantar mara lafiya ce za ta tace shi, in ta gaza ƙoda ta biyo baya.

Za su ce maka ai wane ya sha ya warke. Sama da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka kamu suna manya, jikinsu ne ke korar cutar da kansa cikin wata 6, ko sun sha sassaƙe ko ba su sha ba, sai mai magani ya kwashe yabon. Wanda ya ɗauka tun yana jariri lissafinsa daban ne, yawanci zama take yi. Wasu kuma nau'in C suke ji ana warkewa, eh gaskiya ne, Sofosbuvir da Daclatasvir na mako 12 suna warkar da sama da kashi 95, amma ba naka ba kenan. Kar kuma a ruɗe ka da lambar NAFDAC a jikin kwalba, lamba ba shaidar warkarwa ba ce.

Ka riƙa gwajin yawan ƙwayar a jini da na ALT (gwajin jini mai nuna ko hanta ta kumbura) da na ƙoda, da sikanin hanta duk wata 6. Ina fata an gwada ka HIV kafin a ɗora ka a kan Tenofovir ɗin, in ba a yi ba ka koma a yi. Giya haram ce ga hantarka, gyaɗa da masara masu funfuna ma haka.

Aure kuwa ba fashi in sha Allahu. A gwada amarya, in ba ta da shi a yi mata rigakafi allura 3, duk jaririn da kuka haifa kuma a yi masa ta farko cikin awa 24.