Zafi ya hana jaririna barci, uwar mijina ta ce in ba shi ruwa

Assalamu alaikum Anti,

Haihuwata ta fari ce, ɗana yana da wata 3. Tun da zafin nan ya kankama ya daina barcin kirki, sai kuka, ga ƙananan ƙuraje sun feso masa a wuya da baya. Nono kaɗai nake ba shi kamar yadda aka faɗa mana a asibiti, amma uwar mijina ta dage cewa ƙishirwa ce ke damunsa, in riƙa ɗura masa ruwa. Kuma ba ta yarda a cire masa hula da safa, wai iska za ta shige shi. Ina ganin girmanta, ba na so ta ɗauka raini ne. Yaya zan yi?

Uwar jinjiri

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana shi.

Mama ta yi gaskiya da ta ce yaro na jin ƙishirwa a zafi. A wajen magani ne muka rabu da ita. Nonon uwa kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla ya wadatar har wata 6, ko a ƙasashe masu tsananin zafi. Cikin ɗanki ɗan mitsitsi ne. In ruwa ya cika shi zai rage tsotso, in ya rage tsotso nononki zai ja baya. Ruwan da ba shi da tsafta yana kawo gudawa, in ya yi yawa kuma yakan tsinka gishirin da ke cikin jini har yaro ya yi jijjiga. Ki yawaita sa shi a nono. Zai riƙa nema akai-akai, ya sha kaɗan ya saki, hakan daidai ne. Ruwan kuwa, ke za ki sha.

Hula da safa a ɗakin da manya ke zufa, a'a. Jariri bai iya daidaita zafin jikinsa kamar babba ba, kuma ta kai yake fitar da zafi mai yawa. Riga ɗaya ta auduga mara nauyi ta isa, in rana ta take ma kunzugu kaɗai. Kada sanyin tafin hannunsa ya ruɗe ki, ki taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa. In kin ji zafi da danshi, ki rage masa kaya. Ƙurajen nan na zufa ne, sukan baje da kansu in fata ta sha iska, sai ki dakata da shafa masa mai mai kauri. Ki yi masa wanka da ruwa mai ɗan ɗumi, banda mai sanyi ƙarara, fanka kuma ta kaɗa ɗakin ba tare da ta fuskance shi ba. Kada ki bar shi cikin mota a rufe ko na minti ɗaya.

Ki sa ido a kan fitsarinsa. In ya ragu ko ya yi duhu, ko maɗigarsa ta lotsa, bakinsa ya bushe, ya yi laushi ya ƙi kama nono, ko zafin jikinsa ya kai 38 a ma'auni, ki kai shi asibiti nan take, kada ki jira gari ya waye.

Batun Mama, ba ke za ki ja da ita ba. Ki yi wa maigidanki bayani cikin natsuwa, shi ya san ta inda zai ɓullo wa mahaifiyarsa. Ranar rigakafi ta gaba ki roƙe ta ta raka ki, ki yi tambayar ruwan a gabanta, ta ji amsar daga bakin ma'aikaciyar lafiya.