Waya na caji, kwamfuta ba ta ganin ta: gyara zan yi ko sabuwa zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗinki ce a Unguwar Rogo, Jos. Wayata Android ce, ta cika da hotunan ɗinki, ina so in kwashe su zuwa kwamfutar ɗana. In na haɗa su, wayar tana caji amma kwamfutar ba ta nuna komai. Wani mai gyara ya ce sai an canza ramin caji. In biya, ko in sayi sabuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah kada ki ba kowa ko kwabo tukuna. Tunda wayar na caji, igiyar nake zargi kafin ramin.

Igiyar USB ta asali silili huɗu ne a cikinta: biyu na wuta, biyu na ɗaukar bayanai. Da yawa daga cikin masu araha, da waɗanda ke zuwa tare da fitila ko ƙaramar fanka mai caji, na wutar kawai aka sa musu. A ido ba za ki bambance su ba, kuma ko kwana za ki yi kina cirewa kina mayarwa, hoto ɗaya ba zai wuce ba. Ki nemo igiyar da ta zo a kwalin wayar, ko ki ari ta wanda ya taɓa kwashe hotuna da ita.

Sai wayar kanta. Tun Android 6 da ya fito a 2015, waya kan tsaya a caji kaɗai har sai mai ita ya ba da izini, don kare sirrinsa. Ki buɗe makullin allo, ki jawo sanarwa daga sama, ki taɓa ta USB, ki zaɓi "File transfer". A kwamfutar, hotunan kyamara suna cikin folda mai suna DCIM.

In shiru, ki sauya rami a jikin kwamfutar. Sannan ki kashe wayar, ki haska raminta. Ƙurar hunturun Jos da zaren yadi, musamman a shagon ɗinki, sukan dunƙule a ciki su hana kan igiya zama daram. Da tsinken sakace za ki fitar a hankali. Allura tana kusa da hannunki, na sani, amma ƙarfe na iya lalata ramin.

Idan igiya za ki saya a kasuwar Terminus, ki tafi da wayar da kwamfutar a gwada a gabanki. Rubutun kwali ba shaida ba ne. Sai igiyoyi masu kyau biyu sun gaza a kwamfuta biyu sannan maganar mai gyara ta taso, kuma ko a nan canjin rami ne, ba sabuwar waya ba.

Ranar kwashewa, ki kwafa (Copy), kada ki yanke (Cut), kuma kaɗan-kaɗan, don aikin yakan tsaya in hotuna sun yi yawa. Sai kin buɗe su a kwamfutar kin gani kafin ki goge na waya.

Tambaya: Ɗalibi ne ni a Jami'ar Jos. Bidiyo na daɗewa kafin ya tashi daga iPhone 15 ɗina zuwa kwamfuta. Igiya mai tsada za ta ƙara sauri?

Amsa: Ƙanena, riƙe kuɗinka. Apple ya mayar da ramin cajin iPhone zuwa USB-C a 2023, amma iPhone 15 gama-gari saurin USB 2.0 gare ta, megabit 480 a daƙiƙa, kowace igiya ka sa mata. 15 Pro ce ke kai gigabit 10, ita ma sai da igiyar USB 3 da ake saya daban. In kuma haɗin yana yankewa a Windows, ka sauke manhajar Apple Devices, ka bar allon a buɗe, ka danna "Trust" idan wayar ta tambaye ka.