Injin yankan katako yana jan ka? Fara duba wayar at

Maigida, ka ce injin yankan katakonka yana ɗan jan ka in ka taɓa jikinsa, kuma ekstenshan ɗin yana ɗaukar zafi, to don Allah kar ka sake kunna shi sai an gyara. Jan nan yana nufin wuta na taɓa ƙarfen injin kuma ba ta da hanyar sauka ƙasa. Kwance fulogin ka duba, doguwar ƙafar nan ta sama ita ce at, wato hanyar da wutar za ta bi ta sauka ƙasa, wayarta kore da rawaya, sau da yawa za ka tarar ba a ma haɗa ta ba, ko ekstenshan ɗin waya biyu ce kawai a ciki.

Zafin kuma siririyar waya ce. Nemi mai kauri 2.5mm² ta jan ƙarfe zalla, gajeriya, kuma ka warware ta duka, in tana naɗe zafi take tarawa, ga garin katako ko'ina a shago, nan take gobara. Ni na taɓa ganin soket ya narke a ƙarƙashin benci saboda haka. Sa mai gyaran wuta ya kafa maka sandar at da bireka RCD mai 30mA, wato mai yanke wuta nan take in ta fara zurarewa ta jikin injin ko mutum, janareto ma a yi masa at.