Hukuncin Amsa Waƙar Kirtan a Ɗakin Bautar Hindu

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni ɗalibi ne a Indiya. Abokina Bahinde ya kai ni wurin ibadarsu da suke kira kirtan: mutum ɗaya yana bayar da baiti, jama'a suna amsawa da ganga da tafi. Na riƙa amsa "Hare Krishna" ban san ma'anarsa ba, na ji natsuwa har da hawaye. Wani ya ce min ai zikiri ne da wani harshe. Ina matsayina?

Amsa: Ɗana, abin da na riƙe a maganarka shi ne ba kallo kawai ka yi ba, ka amsa. Kirtan ibada ce, kuma kalmomin da ka maimaita kira ne ga Krishna da Rama, waɗanda Hindu suke bauta wa. Tunda ba ka san ma'anar ba, ba ka fita daga Musulunci ba. Ka yi istigfari, kada ka koma.

Shi kuwa mai cewa zikiri ne da wani harshe, ya haɗa abubuwa biyu da ba su haɗu ba. Bahaushe yana cewa Ubangiji, mai jin Urdu yana cewa Khuda, dukansu Mahalicci suke nufi. Krishna kuwa sunan wani ne takamaimai: a wajensu an haife shi a garin Mathura, mahaifiyarsa Devaki, ga gunkinsa an kafa a gaban zauren da ka zauna. Chaitanya, wanda ya yaɗa wannan rerawa a Bengal a ƙarni na 16, da kansa ya koyar cewa ambaton sunan shi ne bautar. To masu abu sun ce bauta ce, wa ya isa ya ce a'a? Idan mai cewa zikiri ne ya kawo maka hadisin niyya, ka ce masa niyya tana gyara halal ne, ba ta wanke abin da aka hana.

Hawayen kuma kada su ruɗe ka. Muryoyi da yawa a kan kiɗa ɗaya suna motsa zuciyar kowa, balle baƙo mai kewar gida. Ina zaton kaɗaici ne ya ja ka can. Nemi masallacin unguwarku, Indiya cike take da Musulmi.

Kayan zaƙin da ake rabawa bayan taron, prasad, an fara miƙa shi ga gunki, ka bar shi. Abincin gidan abokinka, shinkafa da ganye, ci abinka. Kada ka yanke hulɗa da abokinka, kuma kada ka zagi abin bautarsa. Ka faɗa masa da ladabi cewa addininka bai yarda ba.

Wallahu a'alam.